Throbbing Gristle: Mutum huɗun da suka mai da ƙarar inji kiɗa

A watan Oktoban 1976 aka buɗe wani baje koli a cibiyar fasaha ta ICA da ke tsakiyar Landan, 'yar tafiya kaɗan daga fadar Buckingham. Kafin mako ya zagayo jaridun Birtaniya sun ɗauki maganar, har ta kai zauren majalisa. Abin da aka baje a wurin cike yake da batsa da ƙazanta, kuma da gangan aka shirya shi haka don a tsokano manya. Wani ɗan majalisa na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, Nicholas Fairbairn, ya kira masu abin da sunan da ya bi su har yau, wato masu rushe wayewa. A daren buɗewar ne mutum huɗu suka hau dandamali suka yi ɗaya daga cikin wasanninsu na farko. Babu mai ganga a cikinsu, babu amshi, babu abin da za ka bi da tafi. Gurnani ne kawai, da ƙugi, da tsuwwa, da murya mai fitowa kamar daga cikin rijiya. Sunan ƙungiyar Throbbing Gristle, wanda shi kansa baƙar magana ce ta 'yan tashar garin Hull, ba kuma zan fassara shi a nan ba.

Shekara kusan hamsin ke nan, amma duk wanda ya taɓa jin sautin da ke tayar da tsigar jiki a fim ɗin ban tsoro, ko kiɗan rawa mai kama da dukan ƙarfe, ko waƙar da aka gina a kan guntayen muryoyin da aka tsinto daga rediyo, to ya ji wani abu daga gadon mutanen nan huɗu, ko da bai taɓa jin sunansu ba. Sai dai gadon nasu iri biyu ne. Akwai sautin, wanda aka ɗauka aka goge aka sayar. Akwai kuma tunanin da ya haifi sautin, wanda a ganina shi ne mai muhimmanci, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

Ba za a gane su ba sai an dubi Ingilar da suka tashi a ciki. A 1975 hauhawar farashi ta kusa kaiwa kashi 27 cikin ɗari. A 1976 gwamnati ta je ta roƙi bashin dala biliyan 3.9 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, abin kunya ga ƙasar da jiya jiya take mulkin rabin duniya. Masana'antu na rufewa ɗaya bayan ɗaya. Garin Hull, inda tushen ƙungiyar yake, gari ne na masunta, kuma rikicin kamun kifi da ƙasar Iceland ya karya sana'ar da garin ya dogara da ita. A nan ne a 1969 Genesis P-Orridge ya kafa wata ƙungiyar masu wasan tsokana mai suna COUM Transmissions, Cosey Fanni Tutti, 'yar garin, ta shigo ciki. A 1973 suka koma Landan, suka kama wani tsohon ginin masana'anta a titin Martello da ke unguwar Hackney, suka sa masa suna masana'antar mutuwa. A Landan ɗin ne suka haɗu da Peter Christopherson, wanda ake kira Sleazy, ma'aikaci a kamfanin Hipgnosis mai zana bangon faifan manyan mawaƙa irin su Pink Floyd, da kuma Chris Carter, mutum mai shiru shiru wanda ya san kan wayoyin lantarki kamar yunwar cikinsa. A 1975 suka zama Throbbing Gristle.

Hujjarsu mai sauƙi ce. Suka ce kiɗan da matasan Turawa ke yi ya samo asali ne daga waƙoƙin baƙaƙen fata na gonakin auduga a kudancin Amurka, waƙoƙin da suka fito daga wahalar wani zamani da wani wuri. To mutumin da ya tashi tsakanin bututun hayaƙi da layin dogo da kangon masana'anta fa, ina nasa kiɗan? Me ya sa zai ari kukan wani alhali nasa na nan? Wannan tunanin ba baƙo ba ne ga wanda ya san luguden mata a kan turmi, inda aikin da kansa ya zama kiɗa, ba sai an kawo ganga daga waje ba. Bambancin shi ne lugude na sa nishaɗi a cikin aiki, su kuwa waɗannan suna so ka ji yadda aikin ke cinye mutum.

A daidai lokacin ne guguwar 'yan punk, masu kiɗan gita na tawaye, ta taso a Landan, su Sex Pistols. Wata 'yar mujallarsu ta taɓa zana yadda ake kama wuri uku a jikin gita, ta ce to shi ke nan, je ka kafa ƙungiya. Throbbing Gristle suka ga ko wannan ma bai kai ba, tunda har yanzu gita ce da ganga da baiti da amshi, tsohon tsari ne aka ƙara masa gudu da ihu. Su a wurinsu ko wuri ɗaya ba sai ka koya ba. Cosey ta riƙe gita ba don ta iya ba, tana goga mata ƙarfe tana fitar da kuka, wani lokaci ta busa ƙaho. Genesis na dukan gitar bes kamar mai sara, yana goga goge irin na Turawa, yana magana ko kururuwa a kai.

Aikin gaske kuwa yana hannun sauran biyun, kuma nan ya kamata a tsaya a duba da kyau. A wancan lokacin sintesaiza, wato na'urar ƙirƙirar sauti da lantarki, kaya ce ta masu kuɗi. Chris Carter ya zauna ya haɗa nasu da hannunsa. Ya ɗauko wani zane da wani matashi, Roy Gwinn, ya buga a mujallar Practical Electronics a 1975, ya gyara shi ya ƙera ɗan akwati da suka sa wa suna Gristleizer. Aikin akwatin shi ne ya karɓi sauti, ko murya ko gita, ya riƙa datse shi yana saki, yana murɗa shi, har ya koma kamar numfashin injin da ke shirin mutuwa. Kowanne a cikinsu ya samu nasa. Shi kuwa Christopherson ya jera na'urorin kaset ya haɗa su da maɓallai, ta yadda idan ya danna wannan sai muryar da ya naɗo a titi ta fito, ya danna wancan sai hirar wasu mutane ko labaran talabijin su faɗo cikin kiɗan. Yau kowane yaro mai kwamfuta yana yin haka da yatsa ɗaya, ana kuma ganin abin kamar da shi aka halicci kiɗa. A 1977 kuwa na'urar da ke yin wannan aikin ba ta yaɗu a kasuwa ba tukuna. Da kaset da waya da ƙarfen liƙa waya suka yi.

Idan kana so ka ji abin da ya fito daga wannan haɗin, nemi waƙarsu ta 1978 mai suna Hamburger Lady, ka sa abin ji a kunne, da dare. Kalmominta daga wata wasiƙa aka ɗauko su, wadda wani abokinsu ɗan Amurka ya rubuto yana ba da labarin wata mata da wuta ta ƙone ƙurmus tana kwance a asibiti, ba ta mutu ba, ba ta kuma rayu ba. A ƙasa akwai wani bugu a hankali kamar zuciyar majinyaci. A sama wani sauti na tashi yana faɗuwa kamar jiniya daga nesa. Muryar kuwa tana rawa, tana ɓacewa tana dawowa, ba ihu ko kaɗan. Ranar da na fara jin ta ban iya ƙarasawa ba, na cire abin daga kunnena na zauna shiru. Na sha jin waƙoƙin baƙin ciki, amma wannan ba ta ba ka labarin ciwo ba ne, ɗakin take shigar da kai ta rufe ƙofa. Duk mai haɗa sautin fim ɗin firgici a yau yana neman abin da suka samu a cikin mintuna huɗun nan.

Ba su ne suka fara tunanin cewa ƙara na iya zama kiɗa ba, gaskiya ɗaya ce. Tun 1913 Luigi Russolo ya rubuta haka a Italiya, ya kuma ƙera akwatunan yin ƙara. A 1948 Pierre Schaeffer ya haɗa kiɗa da ƙarar jirgin ƙasa a gidan rediyon Faransa. A garin Sheffield mai masana'antun ƙarfe, Cabaret Voltaire sun fara wasa da kaset tun 1973. Abin da Throbbing Gristle suka ƙara shi ne sun fito da abin daga ɗakin gwaji na masana suka kai shi titi, sannan suka ba shi suna da gida. Gidan shi ne kamfaninsu na buga faifai, Industrial Records, wanda suka kafa a 1976. Wani abokinsu Ba'amurke, Monte Cazazza, ya ƙirƙiro musu taken da ke cewa kiɗan masana'anta don mutanen masana'anta. Daga sunan kamfanin nan ne duk wannan salo ya samu sunan indastiriyal.

Faifansu na farko, The Second Annual Report, ya fito a 1977, kwafi 785 kacal, iya abin da kuɗinsu ya kai. Bangonsa fari fat da 'yar takarda manne, kamar rahoton ofis. Su suka naɗa, su suka zana, su suka sa a ambulan suka aika ta gidan waya ga duk wanda ya rubuto. Suna naɗar kusan kowane wasa da suka yi, har a 1980 suka fitar da jakar hannu irin ta ma'aikata cike da kaset na awa 24. Suka kuma buga ayyukan wasu, su Cabaret Voltaire, da SPK daga Ostareliya, da Clock DVA, har da tsofaffin naɗe-naɗen marubucin nan na Amurka William Burroughs a 1981. Wannan ɓangaren ne nake ganin ya fi kowane tasiri. Sun nuna cewa mutum huɗu marasa jari za su iya mallakar aikinsu daga farko har ƙarshe, ba tare da wani babban kamfani ya ce musu rage nan, ƙara can ba. Dubban ƙananan kamfanoni da masu musayar kaset ta gidan waya a shekarun 1980, daga Japan zuwa Amurka, a kan wannan turbar suka bi.

Shi Burroughs ɗin ba haka kawai ya shigo ba, shi ne malaminsu a tunani. Shi da abokinsa Brion Gysin sun yi suna da dabarar yanka rubutu gunduwa-gunduwa a sake jera shi, da imanin cewa idan ka yanka maganar masu iko ka sauya mata tsari, abin da suke ɓoyewa zai leƙo. Throbbing Gristle suka ɗauki wannan suka kai shi ga sauti. A wurinsu yaƙin zamani yaƙin labari ne, wane ne ke zaɓar abin da za ka ji, wane ne ke gaya maka abin da za ka ji tsoro da abin da za ka so. Shi ya sa ba sa yarda mai sauraro ya samu wurin zama. A wasanninsu sukan haska fitilu masu kashe ido a fuskar jama'a maimakon a kansu, su saki sautin da ke girgiza hanji, su yi awa guda daidai da agogo su sauka. A 1980 har makarantar kwana ta Oundle suka je suka yi wa 'yan makaranta wasa. Da waƙarsu United ta 1978, mai daɗin ji da sauƙin bi, ta samu karɓuwa, sai suka sa ta a faifai na gaba bayan sun ƙara mata gudu ta koma daƙiƙa 16. Da mutane suka saba da cewa su masu ƙara ne, sai a 1979 suka fitar da 20 Jazz Funk Greats, suna tsaye a bangonsa cikin shiga ta kamala, a kan ciyawa da furanni, suna murmushi. Wurin kuwa Beachy Head ne, gaɓar dutsen da ta yi ƙaurin suna a Ingila saboda yawan masu faɗawa daga kanta su kashe kansu. A cikin faifan akwai Hot on the Heels of Love, wadda masu tekno, kiɗan rawa na lantarki, ke ɗauka a matsayin kakarsu har gobe.

A nan kuma dole a faɗi abin da ba shi da daɗi. Sun yi wasa da wuta. Tambarin kamfaninsu hoton wani gini ne mai bututun hayaƙi wanda kowa ya ɗauka masana'anta ce, ashe ɗakin ƙona gawarwaki ne na Auschwitz, sansanin kisan kiyashi na 'yan Nazi. Sun yi waƙa a kan Ian Brady da Myra Hindley, masu kisan yara a kusa da Manchester. Sun sa kakin soja, alamarsu ta walƙiya kuma ta yi kama da ta 'yan fasist na Birtaniya. Abin da suka ce suna nufi shi ne zamanin inji ya kai inda ake kashe mutane da tsarin masana'anta, kuma al'ummar da ke kiran kanta mai wayewa ba ta son a tuna mata. Na yarda akwai gaskiya a cikin wannan. Amma ban yarda cewa niyya ta wanke komai ba. Mutanen da aka ƙone a wancan ginin suna da 'ya'ya da jikoki, iyayen yaran da aka kashe suna raye a lokacin da ake rera waƙar. Kuma abin da ya biyo baya ya nuna haɗarin. Ƙungiyoyi da dama da suka zo daga baya sun kwashi hotunan ta'asa da kakin da alamomin, suka bar tambayar da ta sa aka fito da su, har ya zama ba ka iya bambance mai suka da mai sha'awa. Wannan ma gadonsu ne, ba a raba shi da sauran. A cikin gida ma ba lafiya ba. A littafin tarihin rayuwarta na 2017, Cosey ta ba da labarin cin zarafi da danniya da ta ce ta sha a hannun Genesis lokacin da suke tare, zargin da Genesis ya musanta.

Wannan tsamin dangantaka na cikin abin da ya raba su. Sun yi wasansu na ƙarshe a San Francisco a watan Mayun 1981, sannan suka aika wa masoyansu kati mai cewa aiki ya ƙare. Shekara shida ke nan kacal. Genesis da Christopherson suka kafa Psychic TV. Daga baya Christopherson ya koma wurin John Balance suka yi Coil, wadda wasu ke ganin ta fi uwar ƙungiyar zurfi. Chris da Cosey suka ci gaba su biyu, suna yin kiɗan lantarki mai laushi da bugu, wanda ya shiga jinin masu kiɗan rawa.

Daga nan rassa suka bazu ta ko'ina. A Berlin ta Yamma, Einstürzende Neubauten da aka kafa a 1980 suka ɗauki kalmar masana'anta a zahirinta, suna dukan tarkacen ƙarfe da guduma, suna huda kankare da injin haƙa a kan dandamali. A Landan Test Dept suka yi irin haka, amma suka ba abin alƙibla ta siyasa ƙarara, lokacin yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 sun yi faifai tare da ƙungiyar mawaƙan mahaƙan kudancin Wales don tara musu kuɗi. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin a nan ne kiɗan masana'anta ya haɗu da mutanen masana'anta na gaskiya. Depeche Mode suka ɗauki ƙarar ƙarfe suka sa a waƙoƙin da suka shiga gidajen rediyo tun 1983. A Beljiyam Front 242 suka mai da abin kiɗan rawa mai tsauri. A Kanada aka samu Skinny Puppy, a Chicago kuma kamfanin Wax Trax! da ƙungiyar Ministry, wadda ta dawo da gitar da aka kora, ta haɗa ta da inji.

Ta wannan hanyar ce abin ya isa ga Trent Reznor, wanda ya kafa Nine Inch Nails a 1988. Shi ne ya kai salon inda masu shi ba su taɓa mafarki ba, faifansa na 1994, The Downward Spiral, ya sayu miliyoyi. Zaren da ya haɗa shi da tushen kuwa a bayyane yake, Christopherson ne ya shirya masa wasu bidiyoyinsa na farko, kuma gyaran da Coil suka yi wa wata waƙarsa shi ne ke tashi a farkon fim ɗin Se7en na 1995. A 2011 Reznor da abokin aikinsa Atticus Ross suka ci kyautar Oscar saboda sautin fim ɗin The Social Network. Ka duba nisan tafiyar, daga kangon titin Martello zuwa babban zauren Hollywood cikin shekara 35. Zuwa 2013 har Kanye West ya gina faifansa Yeezus a kan irin wannan sauti mai kaushi.

To amma abin da ake kira indastiriyal a yau, wato gita mai nauyi da bugun inji da baƙaƙen kaya da fushi, ya zama salo mai dokoki, ana gane shi daga daƙiƙar farko. Throbbing Gristle kuwa duk ƙoƙarinsu shi ne kada a gane inda za su ɓullo. Saboda haka idan ana neman magadansu na gaskiya, ni ba a manyan filayen wasa nake nemansu ba. Ina ganinsu a wurin wanda ya ƙera na'urarsa da kansa domin ba shi da kuɗin ta kanti, da wanda ya naɗo hayaniyar unguwarsu ya mai da ita aiki, da wanda ya ƙi miƙa aikinsa ga kamfani. Tambayarsu game da wanda ke riƙe da linzamin labari kuma ta fi ƙarfi yanzu, da waya ke zaɓar mana abin da za mu gani tun kafin mu nema.

Sun sake haɗuwa a 2004, suka yi wasanni, suka fitar da sabon faifai a 2007, suka cika zaurukan da a da ba za a bar su su shiga ba. Tsohon ciwon bai warke ba. A watan Oktoban 2010 Genesis ya fice ana tsakiyar rangadi, sauran ukun suka ci gaba da sunan X-TG. Wata guda bayan haka Christopherson ya rasu a gidansa a Bangkok yana da shekara 55. Ya bar wani aiki da bai ƙarasa ba, sake yin waƙoƙin faifan mawaƙiyar Jamus Nico mai suna Desertshore da nasu salon. Chris da Cosey suka ɗauki abin da ya bari suka kammala, aka fitar a 2012. Genesis ya rasu a New York a watan Maris na 2020 bayan fama da sankarar jini. Biyun da suka rage suna zaune a karkarar Norfolk, a wata tsohuwar makaranta da suka mai da gida da ɗakin naɗa sauti, kuma har yanzu a can suke aiki.